Motar da Ba Ta Hawa Tudu da Safe

Watan jiya na leƙa garejin da jikana yake aiki, na tarar an kawo wata akori-kura mai shan gas wadda ta rasa ƙarfi a hawa. Samarin suka jona mata 'yar na'urarsu, na'ura ta ce turbo ba ya tura iska yadda ya kamata. Kafin in gama gaisawa da mutane har an tashi mai babur ya je neman sabon turbo. Na tambaya ko akwai wanda ya shiga motar ya ji yadda take yi a kan hanya. Suka ce ai na'ura ta riga ta faɗa. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, iska ba ta isa. Amma ba ta gaya musu inda iskar ta tsaya ba, kuma gano wurin nan shi ne sana'ar. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda muka koye ta, ko wani zai karanta kafin ya kwance abin da lafiyarsa ƙalau.

Sunana Sanda. A Geza aka haife ni, gidan manoma. Ina da shekara kamar ashirin na bi fatake zuwa Kandi, a ƙasar da yanzu ake kira Benin, a lokacin kuwa Dahome. Can na tsaya wurin wani makanike mutumin bakin teku, Metir Kwami, wanda ke gyara manyan motocin kamfanin auduga. Shekara guda cur aikina wanke ƙarafa da miƙa sifana. Sai a ta uku ya bar ni na taɓa famfon mai. A wurinsa na fara ganin turbo, lokacin da ko a ƙasar Turawa ba kowace mota ke da shi ba. Mu katantanwa muke ce masa, don haka ƙirarsa take. Aikinsa ba wani boyayyen abu ba ne. Hayaƙin da injin ke fitarwa yana juya wata 'yar farfela, ita kuma tana juya 'yar'uwarta da ke ɗaya bakin sandar, wannan ta biyun ce ke cusa iska cikin injin. Zugazugin maƙeri ne, sai dai hayaƙin wutar ne da kansa ke zuga shi.

Metir Kwami yana da doka ɗaya game da katantanwa: ita ce ta ƙarshe da za ka zarga. Sai ka bi iska tun daga inda ta shiga har inda ta fita, ka tabbata ba ta tsere ba kuma ba a tare ta ba, sannan ka ɗora hannu a kanta. Ba mu da gejin awon iska. Guda ɗaya na taɓa gani, a babban garejin kamfani a Faraku, shi ma a kulle cikin kabad. Kayan binciken da na fita da su daga Kandi su ne dogon sukudireba da nake kafawa a jikin ƙarfe in kanga kunnena, da gashin kaza, da gwangwanin ruwan sabulu, da gutsuren madubi na leƙa lungu. Har yau in an ba ni waɗannan huɗun zan gano rabin abin da na'urarku ke ganowa, in kuma gano wani abin da ita ba ta gani.

Bayan na sami 'yancina daga maigidana na yi yawo. Na yi aiki a Yamai, na yi a Kumasi, na yi a Ikko, na ɗan taɓa Fort-Lamy. Kowane gari da halin makanikansa. Na Yamai ba sa kwance noti sai sun buɗe littafi. Na Kumasi in ƙarfe ya karye sai su ƙera maka wani kana tsaye. Na Ikko sauri gare su, su cire su sa, in bai yi ba su sake cirewa. Mu mutanen bakin Kwara kuma abin da ke kusa da hannu shi muke sawa, mu ga ko zai yi. Wannan hali ya tsirar da motoci da yawa a daji, ya kuma kashe wasu.

'Yan shekaru bayan an sami mulkin kai na dawo gida, na kafa rumfa kusa da tashar Bagudo. Aikin da ya fi zuwa mini shi ne injin niƙa da tsofaffin motocin fetur masu jikin katako. Mota mai katantanwa guda ɗaya ce a duk yankin, ta Alhaji Bawa, ɗan kasuwar hatsi da busasshen kifi. Ya saye ta ne daga wani kamfanin aikin hanya da ya tattara ya bar Dahome. Direbanta Zakari ne, Badende, dogo, ba ya da yawan magana. Da can ɗan kwale-kwale ne, Faransawa suka koya masa tuƙi. Ban taɓa ganin direban da ke kula da mota kamarsa ba. In ya iso tasha ba ya kashe injin nan take, sai ya bar shi ya huce a hankali, ko da an tayar da iƙama mutane na yi masa dariya. Ya san katantanwa mai zafi in aka yanke mata mai farat ɗaya, kwananta sun ƙare.

Sai shekarar wahala ta zo, lokacin yaƙin basasa. Kayan gyara duk sun bi hanyar fagen fama, iyaka ta yi tsanani, baƙin mai ya zama kamar turare. Muka koma tace tsohon mai da tsumman bargo, mu bar shi ya kwanta mako guda, mu sake zubawa. Gaskit kuwa da kwali muke yanka shi, wani lokaci da fatar akuya. Tiyo in ya tsage mu naɗe shi da tsohon tub da waya. Wasu makanikai sun rufe rumfa sun koma gona. Ni ma na yi noman shinkafa a damanar nan, da rana ina fadama, da la'asar ina ƙarƙashin mota.

Bayan kaka, da sanyi ya fara shigowa, Alhaji Bawa ya zo rumfata da Zakari da motar. Ya ce mako uku ke nan kayansa ba sa isa mashigin kogi a kan lokaci, jirgin fito ya tashi ya bar su, kasuwa ta ci ta watse. Zakari ya ce motar ce ba ta ja. Muka shiga mu uku bayan azahar, da lodi a bayanta, muka nufi hanyar Sharabi inda akwai wani dogon tudu mai rairayi. Mota ta haye shi a giya ta uku, katantanwa na fito kamar tsuntsu. Alhaji ya dube ni, ya dubi Zakari.

Duk da haka na yi aikina. Na matse kowane kilif, na shafa ruwan sabulu a gaɓoɓin bututun da ke kai iska cikin injin, babu kumfa. Na cire tiyo na sa yatsa na girgiza sandar katantanwa, ba ta wasa, farfelarta ba ta tsinke ba. Na wanke matatar gas. Na buɗe tukunyar iska. Samarin yanzu ba su san ta ba, don matatar takarda suka tashi suka gani. Wata tukunyar ƙarfe ce a tsaye bayan kan mota, a waje, ƙasanta kwano ne da ake zuba baƙin mai, samansa kuma sosan waya. Iska na shiga ta bugi mai, datti ya maƙale, man ya fantsama ya jiƙa sosan, abin da ya rage ya tsaya a nan. Na ga mai a kwanon daidai layinsa, baƙi, yana motsi. Na mayar na rufe. Bayan kwana huɗu aka sake kawo ta, da yamma kuma, na sake bi, haka dai. Na gaya wa Alhaji ni ban ga komai ba.

Maganar nan tawa ita ta kusa kashe Zakari. Dama an kai wa Alhaji labari cewa ana ganin motarsa tsaye a gindin tudun Sharabi da hantsi, direba na zaune a inuwa. Wasu suka ce kayan kansa yake jira a kawo masa, wasu suka ce wata bazawara ce a garin. Da makanike ya ce mota lafiyarta lau, sai Alhaji ya yanke cewa ƙarya Zakari ke yi masa. Ya ce Zakari ya yi tafiyar Alhamis, ran Juma'a da safe ya kawo masa makulli, akwai ɗan yayarsa da ya koyi tuƙi a Jega. A zamanin nan masu manyan motoci tsakanin Yawuri da Kamba ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk sun san juna. Direban da aka karɓe wa makulli a kan ƙarya ba ya sake riƙe sitiyari. Zakari na da mata da 'ya'ya biyar da tsohuwar uwa, kwale-kwalen ma ya daɗe da sayarwa.

Ran Laraba ya zo rumfata ya tsuguna. Da akwai mutane, sai ya yi mini magana da yarensu, Dendanci. Ya ce shi bai zo roƙo ba, tambaya ɗaya ya zo da ita: ƙarfe nawa nake gwada motar? Na ce bayan azahar. Ya ce shi kuma bayan asuba yake tuƙa ta. Ya ce tsayuwar da ake ganin yana yi a Sharabi, rana yake jira ta ɗaga, don ya lura in ta yi zafi motar na samun sauƙi. Ya gaya wa Alhaji haka, Alhaji ya ce shi bai taɓa jin ƙarfe mai jin ɗari ba. Gaskiya ni ma ban taɓa ji ba. Injin gas ya fi son iska mai sanyi, da safe ya kamata ya fi ƙarfi. Amma na tuna ban tambaye shi komai ba a duk zuwan nan biyu. Mai mota nake saurare, don shi ke magana.

Na ce zan bi shi tafiyar Alhamis ɗin. A Lafagu motar ta yi lodin shinkafa, can na same shi. Muna idar da sallar asuba muka tashi, kowa rufe da mayafi. Tun kafin mu fita gari na ji ba motar da na gwada ba ce. Fiton katantanwa babu shi, sai wani gurnani kamar na sa mai mura. Na leƙa baya, hayaƙi baƙi wuluk. Ga abu na farko da nake so matasa su riƙe: in mota ta rasa ƙarfi ba hayaƙi, mai ne bai isa ba, ka nufi famfo da matata. In ta rasa ƙarfi tana zubar da baƙin hayaƙi, mai ya isa har ya yi yawa, iska ce babu. Da muka kama tudun Sharabi, Zakari ya sauko ta biyu, ya sauko ta ɗaya, mota na rarrafe, har ta tsaya a tsakiya. Muka sa mata waigi a bayan taya.

Na sauka na fara daga ƙarshe, ina komowa gaba. Na sa tafin hannu bakin salansa, hayaƙi na fita, ba a toshe take ba. Na zagaya da gashin kaza inda bututun hayaƙi ya haɗu da katantanwa, don in akwai ɓula a nan ƙarfin da zai juya farfela na tserewa, za ka ga gashin ya yi rawa, ka kuma ga zanen baƙi a jikin ƙarfe. Gashi bai motsa ba. Na leƙa ƙarƙashi da madubi, babu zane. Ruwan sabulu ma bai nuna komai ba. Saura hanyar shigowa. Na hau matakala na ce wa Zakari ya taka totur har ƙasa. Yana takawa na ga ƙaton tiyon da ya taso daga tukunyar iska zuwa katantanwa ya lotsa, kamar kumatun tsoho mara haƙori. Ya saki, tiyo ya cika. Ya sake takawa, ya sake lotsawa. Katantanwa na tsotso da iyakar ƙarfinta, ba abin da ke zuwa.

Na ɓalle maƙallan tukunya na sauke kwanon. Man bai yi motsi ba. Na kifa shi, ko ɗigo bai zuba ba. Abin da ke ciki ya daskare, ruwan toka, kamar kitsen da ya kwana a miya. Sosan wayar kuwa ya zama dunƙule guda, shi da ƙaiƙayin shinkafa, ko hasken rana ba ya ratsa shi. Na kankaro kaɗan da farce na murza a tafin hannu, ya narke. Na sansana. Man kaɗe ne.

Nan take komai ya fito mini fili. Tukunyar a waje take, zafin injin ba ya kai mata, sai na rana. Da yamma man na narkewa, datti ya riga ya baƙanta shi, ka gan shi kamar kowane baƙin mai. Ƙamshinsa kuwa wa zai lura da shi a tashar da kowa ya shafa shi a ƙafa, motar ma ƙwarar kaɗe take ɗauka? In gari ya yi sanyi sai ya daskare a cikin sosan, ya shaƙe ta har hantsi.

Na ɗaga kwanon na nuna masa. Na ce, "Zakari, wa yas sa wanga?"

Ya ce, "Ni."

"Man kaɗe cikin mota? Kai da Faransawa sunka koya wa aiki?"

Ya dube ni, ya ce, "Malam Sanda, kai kac ce. Da bazara na zo neman baƙin mai, kana ƙarƙashin motar Yawuri. Kac ce babu, amma kar in bar ta busassa, ko wane irin mai na samu in zuba."

Na tsaya da kwano a hannu. Na tuna ranar, na tuna ko kaina ban fito da shi ba. Abin da nake nufi shi ne ko tsohon baƙin mai, ko man giyar mota, ko wanda aka tace. Ban faɗa ba, don a kaina wannan ba sai an faɗa ba. A garejin Kandi in an ce mai, na gwangwani ake nufi. A bakin Kwara kuwa man da ke kowane gida shi ne na kaɗe, da shi ake shafa gindin keken shanu, da bindigar maharbi, da igiyar kwale-kwale. Zakari bai yi da ka ba. Ya ce ya yi tunanin man gyaɗa, ya ga yana yin danƙo yana kiran tururuwa. Ya sayi man kaɗe mafi kyau, matarsa ta narka ta tace sau uku, ya zuba da ɗuminsa. Duk bazara da damina mota ba ta nuna komai ba.

Gyaran bai ɗauke mu sa'a biyu ba. Muka gangara Sharabi, wata dattijuwa ta ara mana tukunya da wuta, muka dafa sosan da ruwa da sabulun toka har ya saki, muka ɗauraye da gas, muka shanya. Na goge farfelar gaba da tsumma, Allah ya sa ba abin da ya same ta. Na ɗan tsiyayo baƙin mai daga ƙasan injin na cika kwano zuwa layi. Kafin in dafa, na ɗebi curi guda na daskararren abin nan da ƙaiƙayinsa na sa a gwangwanin sabuluna. Muka haye tudu a giya ta uku tun rana ba ta yi zafi ba, muka kuma riski jirgin fito.

A hanyar dawowa Zakari ya roƙe ni in ce wa Alhaji datti ne kawai. Ya ce in aka ji maganar man kaɗe, Alhaji zai ce direban da ke shafa wa mota man mata bai cancanci makulli ba. Na ce in na ce datti ne, zai tambaya yadda aka yi na buɗe sau biyu ban gani ba, ya ce baki muka haɗa, kuma tsayuwar Sharabi tana nan ba bayani.

Ran Juma'a da sassafe muka je zauren Alhaji Bawa, cike da masu awo da dillalai, ɗan yayar nasa ma na zaune. Zakari ya gaisa, ya ajiye makulli a kan tabarma kamar yadda aka umarce shi. Na miƙa wa Alhaji gwangwanin na ce ya kifa. Ya kifa, ba abin da ya faɗo. Na ce a ajiye shi bakin ƙofa inda rana ke bugawa. Kafin ya narke na yi masa bayanin tukunya da sosa da tudu, da dalilin da ya sa motarsa ke da lafiya duk lokacin da shi ya shige ta. Da aka ɗauko gwangwanin ya zama baƙin ruwa. Alhaji ya tsoma yatsa ya sansana, ya tambayi wanda ya zuba masa wannan a mota.

Na ce, "Zakari yaz zuba, Alhaji, amma ni nac ce mai shi zuba ko wane mai. Kuma sau biyu ina buɗe tukunyar ga, ban gane ba, nac ce ma lahiya take. Duk abin da yag gaya maka gaskiya ne. Ni ne ban san aikina ba rannan."

Zaure ya ɗauki dariya. Wani dillali ya tambaya ko in taya ta yi faci daddawa nake liƙawa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana goge yatsansa a gefen tabarma. Sannan ya ce, shi a Dahome aka ce masa na yi karatun mota, ashe wurin mata masu dakan kaɗe na yi shi. Ya sa ƙafa ya tura makullin gaban Zakari.

"Ɗauki. Kihi na jiranka bakin ruwa gobe."

Daga ranar sunana a tasha ya koma makaniken man kaɗe, har masu injin niƙa wasu suka janye. Alhaji kuwa ya ce motarsa ba ta ƙara shiga hannuna, Yawuri ake kai ta ko noti ne ya kwance. Sai da damina biyu ta wuce, wata rana ina sharar rumfa na ji fiton katantanwa ya karyo kwana ya nufo ni. Zakari ne a sitiyari.